Hoton Fasfo: Ƙaramar Takarda Mai Iya Hana Fatake Tafiya

A cikin dukan takardun da ɗan kasuwa ke tarawa idan ya yi haramar fita waje sayen kaya, babu wadda ta kai hoton fasfo araha, kuma babu wadda aka fi rainawa kamarta. Mutum yakan kwashe makonni yana neman takardar gayyata da bayanin ajiyarsa ta banki, sa'an nan a ranar ƙarshe ya ratsa shagon hoto ya ce a yi masa "fasfo guda takwas", ba tare da ya faɗi ƙasar da zai nufa ba. Daga nan matsala take somawa, domin kuwa babu wani hoto guda ɗaya da kowane ofishin jakadanci ya yarda da shi.

Asalin ƙa'idar daga Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, ya fito. Ita ce ta tsara yadda fasfon da na'ura ke karantawa zai kasance, ta kuma ajiye ranar 24 ga Nuwamba, 2015 a matsayin wa'adin daina amfani da fasfon da na'ura ba ta iya karantawa. Nijeriya ta shiga tsarin fasfo mai ɗauke da bayanan lantarki tun shekarar 2007. Ma'anar wannan sauyi ita ce, yanzu ba idon jami'i kaɗai ke duba hoto ba. Kwamfuta ce ke auna tazarar da ke tsakanin idanu, da faɗin goshi, da tsawon haɓa, ta gwada su da fuskar mutumin da ke tsaye a gabanta. Jami'i yana iya yin uzuri, amma na'ura ba ta san alfarma ba.

Sai dai hukumar ta bar wa kowace ƙasa ikon zaɓen girman hoton da take so a kan takardar neman biza. Ƙasashen Turai na yarjejeniyar Shengen, irin su Jamus da Faransa da Italiya, suna neman hoto mai faɗin milimita 35 da tsawon milimita 45, kuma fuska, daga haɓa zuwa tsakar ka, ta cika milimita 32 zuwa 36. Ƙasar Sin kuwa nata ya fi siranta, ya kuma fi tsawo: milimita 33 a faɗi, 48 a tsawo, da farin bango, kai ya ci milimita 28 zuwa 33. Amurka ta bambanta da su duka, domin nata murabba'i ne, inci biyu ta kowane gefe, wato kimanin milimita 51, kai kuma ya kasance tsakanin milimita 25 da 35.

Duk wanda ya lura da waɗannan alƙaluma zai gane dalilin da ya sa almakashi ba ya maganin kuskure. Hoton da aka ɗauka bisa ma'aunin Amurka, in aka rage gefensa don ya shiga gurbin Shengen, sau da yawa fuskar takan fito ƙarama, saboda tun farko an bar fili mai yawa a saman kai da kafaɗu. Girman takarda daban, girman fuskar da ke cikinta daban, kuma duka biyun ake aunawa.

Yanzu bari mu dubi abin da idon lissafi. A ɗauki misalin mai sayar da yadi a Kantin Kwari ta Kano, wanda ke son halartar baje kolin Kanton da ake yi a birnin Guangzhou sau biyu a shekara tun 1957. An kasa baje kolin kashi uku, kowane kashi kwana biyar, kuma tufafi da yadi da takalma a kashi na uku suke fitowa. Idan aka maido masa da takardunsa saboda hoto, ya sake neman ranar ganawa, jinkirin mako guda ya isa ya sa ya tarar an tashi kasuwa. Asararsa ba kuɗin sabon hoto ba ne. Akwai tarar canza tikitin jirgi, da kuɗin masaukin da ya riga ya biya, da hawa da saukar farashin dala a kwanakin jira, sannan uwa uba ribar kayan da abokan gasarsa za su riga shi saukewa. Haka mai neman bizar Shengen, wadda aka ɗaga kuɗinta zuwa yuro 90 a watan Yunin 2024, kuma ba a mayar wa wanda aka hana.

Baya ga girma, akwai wasu kurakurai da suka fi shafar mutanenmu. Na farko shi ne fararen kaya. Alhaji yakan shiga shagon hoto da farar shadda, a tsayar da shi gaban farin bango, sai kafaɗunsa su ɓace, na'urar ɗaukar hoto kuma ta rage haske har fuskar ta yi duhu fiye da yadda take. Riga mai duhun launi ta fi dacewa. Na biyu shi ne abin da ke kai. Akasarin ƙasashe sun amince da lulluɓin addini, muddin fuska ta fito sarai daga goshi zuwa ƙarƙashin haɓa. Saboda haka hijabi ba laifi ba ne, amma nikabi ba ya shiga, kuma mai rawani sai ya sauke amawali. Hular ado kuwa, cire ta ya fi zama lafiya. Na uku tabarau ne, wanda Amurka ta hana a hoton biza tun ranar 1 ga Nuwamba, 2016, sai fa da dalilin likita.

Na huɗu, wanda ya fi su haɗari, shi ne kwalliyar kwamfuta. Masu shagon hoto da dama sun saba da goge tabo, da haskaka fata, har ma da shafe zanen gado da ke kumatu, don su faranta wa mai hoto rai. Wannan ya dace da hoton biki, amma a hoton fasfo ɓarna ce, tunda alamomin da aka goge su ne shaidar mutum. Haka nan tsohon hoto: galibin ofisoshin jakadanci ba sa karɓar wanda ya wuce wata shida da ɗauka, kuma abu ne mai sauƙi jami'i ya gane in ya ga hoton nan ne a jikin wata tsohuwar biza.

Har ila yau, yawancin takardun nan ta intanet ake cike su a yanzu, lamarin da ya ƙara wani ma'auni. Tun watan Janairun 2024 Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ta buɗe tsarin da mai neman fasfo zai aika da hotonsa da kansa, bisa ƙa'idar ICAO, kafin ya je a ɗauki zanen yatsunsa. Amurka tana son hoton JPEG mai fiksel 600 zuwa 1,200 ta kowane gefe, wanda nauyinsa bai wuce kilobait 240 ba, yayin da Sin ta ƙayyade kilobait 40 zuwa 120. Hoton da aka sake ɗauka da waya daga jikin bugaggen kati, ko wanda aka tura ta WhatsApp har ya dusashe, ba kasafai yake tsallakewa ba. Ya kamata mai hoto ya karɓi asalin kwafinsa daga shagon, ya adana.

A nan akwai kasuwa ga masu shagon hoto su ma. Wanda ya manna jadawalin ma'aunin ƙasashe a bango, ya tanadi fitilu biyu don kore inuwa, ya kuma riƙa tambayar abokin ciniki inda za shi kafin ya ɗaga kyamara, zai iya sa farashi sama da na maƙwabcinsa, fatake kuma su biya da daɗin rai.

Shawarar da ta rage ga ɗan kasuwa ita ce, kafin ya taka ƙafa zuwa shagon hoto, ya nemi ƙa'idar daga ofishin da zai karɓi takardar, ya rubuta girma da launin bango da nauyin hoton, ya miƙa wa mai ɗauka. Ƙa'idojin sukan canza, don haka abin da ya yi aiki bara ba lalle ne ya yi bana ba. Hausawa dai sun ce matambayi ba ya ɓata.