Jinginar Gona a Tasawa da Mayahi: Abin da Doka Ta Ba Mai Kuɗi da Abin da Ta Hana Shi

A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maradi, waɗanda ƙidayar shekarar 2012 ta nuna kowace tana ɗauke da mutane sama da rabin miliyan, gona ita ce dukiyar da manomi yake iya miƙawa idan buƙatar kuɗi masu kauri ta taso masa, ko ta rashin lafiya ce, ko ta aurar da ɗiya, ko ta hatsi a lokacin da rumbu ya ƙare damina ba ta kai ga kaka ba. Hanyar da aka saba bi ita ce jingina, wato mai gona ya karɓi kuɗi, ya bar gonar a hannun wanda ya ba shi, shi kuwa wannan ya yi ta nomanta har ranar da aka fanshe ta. Da yawan jama'a ya cinye daji, gonaki suka tsattsage wajen rabon gado, sai jingina ta zama wurin zuba jari ga 'yan kasuwa da ma'aikata, har wani lokaci mai riƙe da gonar yakan karɓi kuɗinsa daga hannun mutum na uku ya miƙa masa ita. Wannan mutum na uku, wanda bashi ya saya alhali yana jin kamar gona ya saya, shi ne ya fi kowa buƙatar sanin dokokin da suka hau kan ƙasar da yake takawa.

Dokokin nan uku ne, kuma ba kullum suke magana da baki ɗaya ba. Ta farko ita ce al'ada, wadda a wurinta gonar jingina ba ta taɓa fita daga mallakar mai ita, ko da shekara ashirin ta yi a hannun wani, kuma magada suna da ikon kawo kuɗin ubansu su karɓi abinsu. Amincin da ake yi da wannan ƙa'ida ya girgiza tun 1974, lokacin da shugaban ƙasa Seyni Kunce ya shelanta cewa gona ta mai nomanta ce, domin wasu masu riƙe da gonakin aro da na jingina sun ɗauki shelar a matsayin hujjar mallaka, masu gonaki kuma suka fara ɗari-ɗari da barin ƙasarsu ta daɗe a hannun bare. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993, mai lamba 93-015, ita ce ta zo da gyara, inda ta ba haƙƙin da ya samo asali daga al'ada kariya daidai da haƙƙin da ke rubuce, ta kuma kafa kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo. Akwai na gunduma wanda perefe yake shugabanta, da na ƙaramar hukuma a ƙarƙashin shugabanta, da na ƙauye wanda mai gari yake jagoranta tare da magatakarda da wakilan manoma da makiyaya da mata da samari.

A cikin takardun da Kofo take bayarwa akwai ta shaidar riƙon gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, sannan akwai takardar jingina ta al'ada, wadda ita ce ta shafi wannan magana. Darajarta tana cikin yadda ake yin ta. Ana zuwa gonar da ƙafa, a kira maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, kowa ya nuna inda iyakarsa ta tsaya, ko jerin gamba ne ko gawo ko kututturen kalgo, sa'an nan a rubuta sunan mai gona da na mai kuɗi da adadin jikkunan da aka bayar, shaidu su dangwala yatsa, mai gari ya buga hatimi, a ajiye kwafi a rajistar kwamitin. Wanda ya tsallake wannan tafiya, ya wadatu da 'yar takardar da aka rubuta a rumfar kasuwa, yakan gano daga baya cewa gonar ta gandu ce ba a raba ta ba, ko gamanar matar gidan ce, wato ɗan yankin da miji yake ware wa matarsa ta noma wa kanta, ko kuma wani ɓangarenta ya shiga burtali ko makiyaya, waɗanda a doka ba mallakar mutum ɗaya ba ne balle ya jinginar da su. A kwarin Gulbin Kaba, inda noma da kiwo da yankan kaba suke cuɗanya a fili guda, wannan kuskure na ƙarshe ba wuyar aukuwa gare shi ba.

Doka ta biyu ita ce shari'ar Musulunci a mazhabar Malikiyya, wadda malaman yankin suke karantarwa daga littattafan Risala da Muhtasar, kuma a nan ne al'adar jingina take da babban rauninta. Alƙur'ani, a ƙarshen surar Baƙara, ya yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, ya kuma halatta riƙe jingina, amma fiƙihu ya ɗauki abin da aka jinginar a matsayin tabbaci kawai. Malaman Malikiyya sun yarda mai bin bashi ya amfana da shi idan bashin ya taso ne daga ciniki, aka shardanta amfanin tun wurin ƙulla cinikin, aka kuma yanka masa lokaci. Idan kuwa rance ne tsagwaronsa, to cin amfanin gonar ya zama rancen da ya jawo riba. Misali, wanda ya ba da jika ɗari biyu, ya noma gona shekara biyar yana kwashe damman gero da buhunan wake, sa'an nan ya karɓi jikarsa ɗari biyu cif, ya ci abin da ya wuce kuɗin ruwan kowane banki, ko da yake ba wanda ya kira shi da wannan suna. Haka kuma sharaɗin da wasu suke cusawa, cewa idan wa'adi ya cika ba a biya ba gona ta zama ta mai kuɗi, ɓatacce ne a fiƙihu, domin abin da ya kamata shi ne a sayar, a biya bashin, a mayar wa mai gona da ragowar.

Doka ta uku, wadda bankuna suke aiki da ita, ta fito ne daga ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993, mai ƙasashe 17 har da Nijar, kuma babbar kotunta tana Abijan. Kundinta na tabbacin bashi, wanda aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ya tanadi wata jingina dabam, wadda a cikinta gida ko fili yake zama a hannun mai shi, sai dai a rubuta nauyin bashin a kan takardar mallakarsa a ofishin rajistar filaye. Sharaɗin farko shi ne filin ya kasance yana da rajista, tsarin da ya samo tushe daga dokar Turawan mulkin mallaka ta 1932, kuma mafi yawan gonakin Korgom da Maijirgi da Kanambakashe da Sarkin Hausa ba su da ita, duk da sauƙaƙƙiyar takardar mallaka mai suna Sheda da gwamnati ta ɓullo da ita a 2006. Rubutun jinginar ba ya wuce shekara 30 sai an sabunta shi, wanda ya riga yin rajista shi ne yake riga karɓar kuɗi, kuma kundin bai yarda mai bin bashi ya mallake gidan da mutum yake zaune a ciki ta hanyar sharaɗin yarjejeniya ba. Wanda ya sayi bashi daga hannun wani, dokar farar hula ta wajabta a sanar da wanda ake bi a hukumance, in ba haka ba biyan da ya yi wa mai bashin farko ya sauke masa nauyi.

Ƙasashen da suka mayar da bashin gidaje hajar kasuwa ma sun sha wannan ɗaci. A Amurka, inda takardar bashi takan ratsa hannuwa da dama kafin ta tsaya, rikicin kuɗi na 2008 ya tona yadda aka riƙa sayar da ita ba tare da cika ƙa'idar miƙawa ba, har a Janairun 2011 babbar kotun jihar Massachusetts ta soke ƙwace gidaje biyu saboda bankunan sun kasa nuna cewa jinginar tana hannunsu a lokacin da suka yi gwanjon. Abin da ya kayar da su shi ne yake kayar da ɗan kasuwar Tasawa da ya karɓi gona daga hannun mai riƙo ba da sanin mai ita ba.

Akwai kuma iyakar da hukumomin kuɗi suka gindaya. A farkon 2014 aka sauko da ƙololuwar kuɗin ruwa a ƙasashen da suke amfani da sefa ta babban bankin BCEAO zuwa kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, da kashi 24 ga asusun ƙananan rance da sauran masu ba da bashi, kuma wuce iyakar laifi ne da kotu take hukuntawa. Mayar da ba da rance sana'ar yau da kullum ba tare da lasisi ba shi ma saɓa doka ne.

Idan rigima ta tashi a kan gonar al'ada, ana fara kai ta gaban mai gari, daga nan sai sarki, waɗanda ikonsu na sulhu ne, a rubuta takardar daidaitawa ko ta rashin daidaitawa, kafin a wuce gaban alƙali, wanda yake zama da masana al'ada a gefensa. A duk waɗannan matakai tambayoyin ba sa canzawa: gonar ta wa ce, su wa suka shaida, nawa aka bayar, kuma mai ita ya san ta canza hannu ko bai sani ba. Saboda haka ya wajaba ga mai niyyar sa kuɗinsa a jingina ya nemi yardar magada maza da mata, ya sa Kofo ta rubuta, ya koma wurinta duk ranar da zai miƙa wa wani, ya kuma amince a riƙa rage amfanin da yake kwashewa daga cikin bashin. Su kuma ƙananan hukumomin Tasawa da Mayahi, nauyin da ke kansu shi ne su wadata kwamitocin ƙauyuka da rajista da takardu da magatakardan da suka iya aikin, domin manomin da ba shi da inda zai rubuta jinginarsa a garinsu ba zai biya kuɗin mota zuwa gunduma don ya rubuta ta ba.