Jerin Baƙaƙen Hausa da Takardar Harhaɗa Node.js

Tun taron Bamako na 1966 har zuwa dokar 1999 da ta tsai da ƙa'idojin rubutun Hausa a Nijar, an daidaita a kan siffar baƙaƙe. Sai dai na'ura ba ta bin wannan ƙa'ida sai an cusa mata ita. Node.js, injin da aka ƙirƙiro a 2009 domin tafiyar da manhajoji, wanda kowa yake da damar duba asalinsa ya gyara, misali ne mai kyau.

1. Zaɓin harhaɗawa

Takardar da ake kira BUILDING.md ta bayyana yadda ake haɗa injin da ICU, wato rumbun bayanan harsuna. Zaɓin "full-icu" yana ɗauke da dukkan harsunan rumbun, har da Hausa. Na "small-icu" Ingilishi kaɗai ya ƙunsa, kuma shi ne aka saba rarrabawa kafin fitowa ta 13 a 2019. Ana kuma iya barin rumbun baki ɗaya.

Bambancin yana bayyana wajen jera sunaye. A jerin Hausa, "sh" baƙi ne mai zaman kansa da ke biye da "s", don haka Sukukutane take gabatar Shadakori. A jerin Ingilishi kuwa Shadakori ce a gaba. In babu rumbun sam, lambar baƙi kawai na'ura take dubawa, sai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ su faɗa bayan "z". Haka nan sunan wata: inda ake sa ran Janairu, sai na Turanci ya fito.

2. Na'urorin da injin ke aiki a kansu

Takardar ta kasa su mataki uku: na ɗaya, na biyu, da na gwaji. Linux, Windows da macOS suna da gurbi a mataki na ɗaya, inda ake jarraba injin a kai a kai. A matakin gwaji babu tabbacin zai yi aiki.

3. Kammalawa

Kafin a damƙa wa wata manhaja rajistar ɗaliban yaƙi da jahilci na Sukukutane, ko ƙamus na Hausar Arewa, ya kamata a nemi mai kawo ta ya rubuta abu uku: lambar fitowar injin, zaɓin da aka harhaɗa shi da shi, da matakin na'urar. In ba haka ba, cibiyoyi biyu za su iya jera sunaye guda ta hanya biyu, kuma a ɗora laifin a kan malami.