Masu Sayen Tsoro da Kuɗinsu

Fim ɗin ban tsoro na farko da na iya kalla har ƙarshe shi ne The Evil Dead, a wani gidan kallo na unguwarmu, a kaset ɗin bidiyo da ya sha hannu har hoton yana rawa. Mun kai mu talatin a kan benci, ɗaki ba taga, janareta na ta ƙugi a bayan katanga. Duk sanda yarinyar nan da aka kulle a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ta ɗago murfin katako ta leƙo da fararen idanunta, sai wani ya saki salati, wani ya fashe da dariya, wani ya daka wa akta tsawa ya ce ya gudu mana. Da aka tashi, waɗanda suka fi kowa dariyar su ne suka nemi a raka su bakin lungunsu. Bayan shekaru na sake kallonsa ni kaɗai a waya, da rana tsaka, sai na ga roba da fenti da yara 'yan makaranta suna ihu a wata bukka. Ko daƙiƙa ɗaya ba a taɓa a fim ɗin ba, amma na rasa abin da ya hana ni barci a wancan daren.

Duk wanda ya zauna da masu son irin waɗannan fina-finai ya san gardamarsu ba ta ƙarewa. Wannan ya ce fim kaza ya fi kowane, wancan ya ce barci ya yi a tsakiyarsa. Abin da na lura shi ne, hukuncin da mai kallo yake yankewa yana rataye ne a kan inda ya kalli fim ɗin, da waɗanda ya kalla tare da su, da kuma abin da aka yi masa alkawari kafin ya zauna. Amma kafin mu kai nan, bari mu fara da yadda ake ƙera tsoron kansa.

Tsoro iri biyu ne a hannun darakta. Akwai zabura, akwai fargaba. Zabura ita ce a yi shiru sannan a buga maka ƙara a kunne, ka yi tsalle daga kujera. Masu harkar suna danganta wannan dabara da wani tsohon fim na 1942, Cat People, wanda Val Lewton ya shirya. Wata mata ce take tafiya ita kaɗai da daddare a gefen wani dogon bango, tana jin ƙwas-ƙwas ɗin takalmin wata a bayanta. Can sai takun ya ɗauke ɗif. Ta waiga, ba kowa. Ta ƙara sauri, ta sake waigawa. Kana jiran damisa ta diro mata, sai ka ji wani huci mai ƙarfi ya cika kunnenka, ashe bas ce ta taka birki a gabanta ta buɗe ƙofa. Ba abin da ya same ta, amma kai hantarka ta kaɗa. Har yau da sunan bas ɗin Lewton ake kiran wannan wayo.

Tsofaffin hannu a kallo sukan raina zabura, kuma da hujjarsu. Ko ƙaninka ya laɓe a bayan ƙofa ya yi maka "hau!" za ka zabura, wannan aikin jiki ne, ba ya buƙatar gwaninta. Fargaba ce mai wuyar ginawa, don ita sai an hana ka ganin abin da kake tsoro. A lokacin ɗaukar Jaws na 1975, kifin ƙarfen da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole Steven Spielberg ya riƙa ɓoye shi, ya bar kiɗan John Williams mai sauti biyu kacal ya sanar da zuwansa. Matsalar inji ta zama alherin fim. Haka The Texas Chain Saw Massacre na 1974: mutane da yawa za su rantse maka sun ga ƙugiyar mahauta ta shige bayan yarinyar da aka rataye, alhali darakta Tobe Hooper bai nuna wurin ba. Ƙwaƙwalwarsu ce ta ƙarasa zanen. Wanda ya taso da tatsuniya ba zai yi mamaki ba, don kaka ɗaya ce take ba da labarin Dodo a tsakar gida, amma kowane yaro da irin Dodon da yake tafiya da shi shimfiɗarsa.

To me zai sa mutum da hankalinsa ya biya kuɗi a tsorata shi? A Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak akwai masu bincike da wannan tambaya ce sana'arsu. Sun je wani gidan tsoratarwa a garin Vejle, inda mutane ke sayen tikiti 'yan wasa su bi su da gudu cikin duhu, suka ɗaura wa baƙin na'urar auna bugun zuciya. Sakamakon da suka wallafa a 2020 ya nuna daɗin yana tsakiya ne: tsoro in ya yi kaɗan sai gundura, in ya wuce kima sai daɗi ya gudu. Kamar yaji ne a tsire. Kuma kamar yajin, ma'aunin kowa daban, yana kuma ƙaruwa da sabo. Rabin gardamar 'yan kallo daga nan take tasowa, mai shekara ashirin yana kallo da wanda ya fara jiya suna musu a kan barkono ɗaya.

Akwai wani rukuni da mutane suka fi yi wa mummunar fahimta, wato masu son jina-jina. Ana ɗauka mugunta ce ke kai su. Ka zauna da su ka ji hirarsu, yawanci ta masu kallon rufa-ido ce: yaya aka yi kan nan ya fashe, da me aka haɗa jinin, ina aka ɓoye bututun. Gwarzonsu shi ne irin su Tom Savini, wanda ya yi aikin ɗaukar hoto na soja a yaƙin Biyetnam kafin ya dawo yana ƙera raunukan ƙarya a Dawn of the Dead da Friday the 13th. Mujallar Fangoria, da aka fara bugawa a 1979, a kan wannan sha'awar ta ginu. Kuma su ma suna da iyakarsu. Cannibal Holocaust na ɗan Italiya Ruggero Deodato, na 1980, har yau yana raba kansu, saboda dabbobin da aka yanka a cikinsa, har da wani ƙaton kunkuru, da gaske aka yanka su. Mutumin da zai kalli an sare kan ɗan Adam na roba yana cin gyaɗa, shi ne zai kau da kai a wurin kunkurun, don a nan wasa ya ƙare.

Sai kuma fina-finan da Turawa ke kira cult. Ɗan Najeriya na jin kalmar sai ransa ya tafi ƙungiyar asiri da matsafa, amma ba nan aka nufa ba. Fim ne da kasuwa ta ƙi, ko masu sharhi suka yi wa dariya, sai wasu 'yan tsiraru suka rungume shi suka zama 'yan gani-kashe-ninsa. Al'adar ta kafu ne a silimomin tsakar dare na Amurka. A ƙarshen 1970 wata silima mai suna Elgin a birnin Niyok ta fara haska El Topo na Alejandro Jodorowsky da ƙarfe goma sha biyun dare, lokacin da kujeru ke zama fanko, sai ga matasa suna cika ta wata da watanni, har mawaƙi John Lennon ya shiga sahun masoyansa. The Rocky Horror Picture Show ya faɗi warwas a 1975, amma da silimar Waverly ta mayar da shi tsakar dare a 1976 sai labari ya sha bamban. 'Yan kallo suka fara zuwa da shigar 'yan wasan, suna mayar wa allo martani, suna watsa shinkafa in an zo wurin ɗaurin aure, suna fesa ruwa in an zo wurin ruwan sama. Har yau ana haska shi haka. Wanda ya kalle shi a ɗakinsa ya ce bai ga abin so ba, gaskiyarsa, don ya ga fim ɗin ne bai ga taron ba.

Ba kowane fim ne ke bin wannan hanya ba. The Thing na John Carpenter ya fito a watan Yunin 1982, mako biyu bayan E.T., lokacin da Amurkawa suka kamu da son baƙon sararin samaniya mai tausayi. Shi kuwa ya kawo musu wata halitta a ƙanƙarar Antatika da take shiga jikin mutum ta zama shi. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Kaset ɗin bidiyo da talabijin ne suka cece shi, yau kuma da wuya ka ga jerin fitattun fina-finan tsoro babu shi a sahun gaba.

Hani ma yana haifar da mabiya. A farkon shekarun 1980, da bidiyo ta shiga gidajen Birtaniya babu mai tace ta, 'yan rajin tarbiyya irin su Mary Whitehouse da jaridu suka tayar da ƙura, ofishin mai gabatar da ƙara ya fitar da jerin fina-finan da 'yan sanda za su iya ƙwacewa daga shaguna. Jimlarsu ta kai 72, an yi nasarar hukunta 39 a kotu, aka kuma kafa dokar tace bidiyo a 1984. Me ya biyo baya? Jerin ya zama takardar cefane. Yara suka riƙa bin sa ɗaya bayan ɗaya, har fina-finan banza da ba don hanin ba da tuni an manta da su suka samu masu nema. The Evil Dead ɗinmu na gidan kallo yana ciki.

A cikin wannan jeri akwai wani fim da ya fi kowane tona asirin lamarin, Possession na Andrzej Żuławski, na 1981. Labarin aure ne da yake rugujewa a Balin ta Yamma, a gindin katangar da ta raba birnin, da wata halitta mai santsi da matar take ɓoyewa a wani gida. Isabelle Adjani ta karɓi kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin fina-finai na Cannes a wannan shekarar, kuma wasanta a Possession yana cikin abin da ya ba ta. Fim ɗaya ke nan: a Faransa ana tafa masa cikin kwat da nakatayi, a Ingila ɗan sanda yana kwashe shi daga kanta.

Wannan shi ne ƙorafin da masu son fim ɗin tsoro na kasuwa suka daɗe suna yi a kan fina-finan manyan bukukuwa. Suna cewa jini ɗaya ne, amma in da Faransanci aka zubar da shi sai a kira shi fasaha. Da Hostel ya fito a 2005, masu sharhi a Amurka batsar azabtarwa suka laƙaba wa irinsa. Amma Irréversible na Gaspar Noé, mai ɗauke da fyaɗe na kusan minti tara ba tare da kyamara ta yanke ba, a gasar Cannes ta 2002 aka haska shi, duk da mutane da dama sun fice. Noé har wani sauti mai kauri ya shimfiɗa a farkon fim ɗin, irin wanda kunne da ƙyar yake kamawa amma ciki yana ji, don dai hankalin mai kallo ya tashi. A 2021 kuma Titane na Julia Ducournau ya lashe babbar kyautar Cannes ɗungurungum.

A ganina ƙorafin yana da gaskiya, amma ba duka ba. Akwai bambancin niyya. Fim ɗin kasuwa yana so ka tsorata ka ji daɗi ka dawo kashi na biyu, na su Noé yana so ka fita kana jin ƙyamar abin da ka gani. Michael Haneke ya kai abin ƙarshe a Funny Games na 1997. Samari biyu masu ladabi, sanye da fararen kaya da safar hannu, suka shigo gidan hutun wasu iyali da sunan aron ƙwai, suka shiga gana musu azaba. Can matar ta samu sa'a ta fizgi bindiga ta harbe ɗaya. Kana cikin murna, sai ɗayan ya lalubo rimot ɗin talabijin ya mayar da fim ɗin baya, abokinsa ya tashi, ya ɗauke bindigar kafin ta kai hannu. Haneke yana tambayarka ne me ya sa ka yi murna da kisa. Dabarar ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Sai dai na fahimci masu jin haushinta, don ba daɗi mutum ya gayyace ka cin abinci sannan ya tsare ka da wa'azin haɗama kana tsakiyar loma.

Saura maganar alkawari. A Amurka akwai kamfanin CinemaScore da ke tambayar 'yan kallo a daren farko su ba fim maki irin na makaranta. Hereditary na Ari Aster, na 2018, masu sharhi sun yi ta zuzuta shi tun daga bikin Sundance, tallarsa tana jera shi da The Exorcist. 'Yan kallon daren farko D+ suka ba shi. Sun shigo da shirin zabura duk bayan minti goma, aka ba su fim ɗin makoki, uwa da ɗa suna cin abinci a tebur ɗaya ba mai iya kallon idon wani, ga wata yarinya da take ƙyasta harshe a dasashi, "ƙwal", ba dalili. Wasu suka ƙirƙiro wa irin wannan fim suna, wai tsoro mai aji, su kuma tsofaffin masoya suka ji an zage su, kamar abin da suka shekara arba'in suna kallo ba shi da aji ke nan.

Ni kaina da na kalle shi, ni kaɗai bayan sallar isha'i, na ce a raina an dai cika baki, jan rai ya yi yawa. Na kashe fitila na kwanta. Ban fi minti biyar ba wata tsaka ta yi ƙara a bango, saitin kaina, sau biyu. Da fitila a kunne na kwana, matata tana tambaya da asuba wa ya bar ta.