Jiragen farfela na Kaduna da makanikan da suka raine su

Mazaunin Kurmin Mashi da ya manyanta ba ya buƙatar ɗaga kai kafin ya gane ƙaramin jirgin koyon tuƙi. Kunnensa ya saba da gurnanin farfela, domin unguwar tana maƙwabtaka da tsohon mazaunin Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta NDA, kuma tsohon filin jirgin sama na Mando ba shi da nisa.

Tarihin ya faro tun kafin 'yancin kai. A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila suka sauka a Kano daga Masar, bisa jagorancin Arthur Coningham. Amma Kaduna ce ta zama gidan renon matuƙa. Da aka kafa Rundunar Sojan Sama a 1964, Jamus ta Yamma ta aiko da masu horarwa, tare da jirage irin su Piaggio P.149 da Dornier Do 27. A shekarar ce kuma aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. Daga baya aka kawo Bulldog daga Birtaniya, sannan aka shiga harhaɗa Air Beetle mai kujera biyu a nan Kaduna, bisa tsarin wani ƙaramin jirgin Amurka, RV-6A.

Samarin da suka yi aiki a rumfunan gyaran jirage a wancan zamani sukan tuna da shi cikin shauƙi, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Injin waɗannan jirage mai fistin ne, ɗan'uwan injin mota, sai dai iska ke sanyaya shi. Kowace silinda tana da fulogi biyu, kowanne da hanyar wutarsa dabam, domin idan ɗaya ta mutu a sararin sama ɗayar ta riƙe injin. Kafin tashi, makaniki kan tsiyayi ɗan mai daga ƙasan tanki ya duba ko ruwa ya kwanta a ciki. Yakan shafa farfela da tafin hannu yana neman tsaga. Muhimman notuna kuwa da siririyar waya ake ɗaure su, don kada jijjiga ta kwance su. Bayan haka sai a sa hannu a littafin jirgi, kuma wannan sa hannu shi ne amanar da matuƙi ke ɗauka ya hau sama da ita.

Nan ne zumunci ya ƙullu tsakanin hafsa mai tuƙi da yaro mai riƙe sifana. Muƙami ya raba su, amma ran ɗaya yana hannun ɗayan.

Zamani ya juya. Super Mushshak daga Pakistan ya karɓi aikin horon farko, jiragen yau kuma kwamfuta ke faɗin ciwonsu. Wannan ci gaba ne, sai dai waɗanda suka iya gane matsalar inji da kunne suna ta ƙarewa, galibi ba tare da an rubuta abin da suka sani ba. Jirgin da aka jingine a fili kuwa, damina da ƙurar hunturu ba sa raga masa.

Kaduna tana da Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama, AFIT, wadda ɗalibai farar hula ma ke karatu a cikinta. Da za a gyara 'yan tsofaffin jirage a killace su inda 'yan makaranta za su gani, a kuma naɗi bayanan tsofaffin makanikai tun suna raye, da garin ya tsira da wani yanki na tarihinsa. Kuɗin da aikin zai ci kaɗan ne. Abin da ke ƙurewa shi ne lokaci.