Tsohuwar Akori-Kura Mai Ƙarancin Tafiya: A Duba Kafin A Biya

Da zarar kaka ta yi, aka sayar da masara da citta da dankali, kuɗi suka ɗan zauna a hannu, sai hankalin manoma da 'yan kasuwa da yawa ya koma kan sayen akori-kura. Ba laifinsu ba ne. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin hanya da buhuna yana jiran motar da za ta kai shi kasuwar Saminaka ko ta Mangu ya san amfaninta, haka ma mutanen ƙauyen da ba su da abin kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Sabuwa ta fi ƙarfin yawancinmu, saboda haka tsohuwa ake nema. Wani da kuɗin gidansa zai saya, wani da na adashe, a wani wurin kuma ikilisiya ce ko ƙungiyar manoma ke yin karo-karo.

A nan ne dillali yakan fito da maganarsa mai daɗi, ya ce motar tsohuwa ce kam, amma ba ta sha tafiya ba. Sai ya nuna agogon kilomita da ke gaban direba, a ga 40,000 kacal a motar da ta shekara 20, ya kuma ɗora kuɗi a kan haka. Abin da muke so mu jawo hankalin mai karatu a kai shi ne, wannan lamba ita kaɗai ba shaidar lafiyar mota ba ce.

Bari mu fara da lissafi. Kilomita 40,000 a shekara 20 yana nufin 2,000 ke nan a shekara, wato kimanin zuwa Legas daga Kano da dawowa sau ɗaya tak. Akori-kura kuwa motar aiki ce, ba a sayenta don ado. Motocin da muka fi sani, kamar Peugeot 504 wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, da kuma Toyota Hilux wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, sun yi suna ne saboda jure wa kaya da mugunyar hanya. To, idan aka ce ga guda wadda ba ta yi aiki ba, wajibi ne a tambayi dalili.

Sau da yawa lambar ce ba gaskiya ba. Akwai masu mayar da agogo baya, kuma na zamani mai aiki da lantarki ma bai tsira ba, da kwamfuta ake sauya shi. Akwai motar da wayar agogonta ta tsinke, aka yi shekaru ana aiki da ita lambar tana tsaye cik. Wasu tsofaffin agogon kuma gurbi biyar gare su, idan suka kai 99,999 sai su koma sifiri, su soma sabon lissafi. Bugu da ƙari, motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, mil guda kuwa kilomita 1.6 ne, saboda haka 40,000 a wurinta 64,000 ne a wurinmu.

Sai dai ko an gyara agogo, jikin mota ba ya ƙarya. A dubi robar da ke kan birki da kuloci: idan ta siɗe har ƙarfe ya fito, ƙafa ta daɗe a kanta. A dubi sitiyari ko ya yi santsi, kujerar direba ko ta lotsa, ƙofarsa ko ta saki tana jan ƙasa, sa'an nan a hau baya a ga yadda kaya suka ci ƙasan akwatin. Idan kuma aka ga dukan waɗannan sababbi fil a tsohuwar mota, wannan ma abin tambaya ne.

To, a ce lambar gaskiya ce. Hakan yakan faru, musamman ga motocin ma'aikatu da aka jingine kafin a yi gwanjonsu, ko motar da mai ita ya rasu aka rufe ta a gareji ana jiran rabon gado. Nan ma da sauran aiki, domin zama yana cin mota kamar yadda tafiya ke cinta. Roba tana bushewa ta tsattsage ko an mora ko ba a mora ba, balle a zafin ƙasarmu. Robobin da ke tare mai a inji da giya sukan ƙandare, a fara ganin yoyo makonni kaɗan bayan an soma aiki da motar. Tiyon lagireto yakan fashe a hanya, inji ya ɗau zafi. Fetur ɗin da ya daɗe a tanki yakan lalace ya bar danƙo mai toshe hanyar mai, tankin kuma ya yi tsatsa. Man birki yana shan raɓa daga iska, shi ya sa aka saba ba da shawarar a sauya shi bayan kowace shekara biyu. Wanda ya daɗe yakan sa tsatsa a cikin birki, ya kuma iya ƙin kamawa idan ya yi zafi a gangara da kaya a baya. A wasu injunan Hilux na dizal akwai bel ɗin da makanikai ke kira taimin, wanda idan ya tsinke ana cikin tafiya yakan jawo babbar ɓarna a inji. Wannan da shekaru ake auna shi, ba da kilomita kaɗai ba.

Taya ita ce ta fi ruɗin mutane, don takan yi kyau a ido alhali ta mutu. Tun daga shekarar 2000 ana buga lambobi huɗu a gefen taya masu nuna lokacin da aka yi ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Alal misali, 2315 na nufin mako na 23 a shekarar 2015. Tayar da ta wuce shekara goma ba abar amincewa ba ce, ko da zanenta bai goge ba.

Saboda haka kada a yi cinikin biri a sama. A tafi da makaniken da aka amince da shi, wanda ba shi da rabo a cikin la'ada. A je da sassafe a tayar da injin tun yana da sanyi, a lura da hayaƙi. Mai shuɗi-shuɗi alama ce inji na shan baƙin mai, fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa kuma yakan nuna ruwa na shiga inji. A zaro sandar awon mai, idan ya yi kama da shayi da madara, a yi hattara. A hau da ita kan rami a duba shasi, musamman idan daga Turai ko Amurka ta zo, inda ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa yana cin ƙarfe. A ɗora mata kaya a hau tudu da ita. Daga nan a gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke cikin takardu, a ga takardar kwastan idan daga waje aka shigo da ita, a kuma rubuta yarjejeniya gaban shaidu.

Ba muna cewa a guji irin wannan mota ba ne. Wadda agogonta ya faɗi gaskiya, shasinta kuma ba tsatsa, za ta iya yi wa gida ko jama'a hidima shekaru da yawa. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin a sa hannu, a sa makanike ya ƙiyasta kuɗin sababbin tayoyi da batir da tiyo da bel da gyaran birki, a cire wannan daga abin da za a taya. Kwamitin da ya zuba dukan kuɗin jama'a a ranar ciniki, bai rage na gyara ba, yana iya wayar gari da mota a ƙarƙashin bishiya, masu karo-karo kuma suna tambaya. Allah ya sa a dace.