Dashen hannu: amsa ga masu tambaya

'Yan'uwa da dama da suka rasa hannu sun zo ofishin kariya suna tambayar mu ko da gaske ana dasa wa mutum wani hannu. Da gaske ne. An yi wannan aiki a birnin Liyon na Faransa a 1998. Daga jikin mamaci ake ɗauko hannun, da yardar iyalinsa, sai likitoci su haɗa ƙashi da jijiyoyi da fata.

Sai dai jiki yakan ɗauki sabon hannun baƙo ne, ya yi ta yaƙar sa. Don haka dole mutum ya sha maganin danne garkuwar jiki kullum, iya rayuwarsa. Maganin yana iya taɓa ƙoda, ya kuma sa cututtuka su riƙa kama shi da sauri. Wanda aka yi wa aikin a Liyon ya yi sakaci da magani, a 2001 aka cire hannun.

Ba a yin wannan aiki a nan. Duk wanda ya nemi kuɗinku wai zai fitar da ku waje a yi muku dashe, kada ku ba shi ko sisi, ku sanar da mu. Mai bukatar hannun roba ya zo asibitin sansani a duba shi. Rajista kyauta ce.