Bonsai: bishiyar da ke jure zaman ɗaki da wadda ba ta jurewa

Bonsai sana'a ce ta renon bishiya a tukunya marar zurfi. Ana datse rassanta da saiwoyinta, a lanƙwasa ta da waya, har ta tsufa ba ta wuce gwiwar mutum ba. Japanawa sun gaje ta daga Sin. A unguwar Omiya, inda masu sana'ar suka tare a 1925 bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo a 1923, a fili ake jera bishiyoyin, rana ta doke su, sanyi ya doke su. A al'adar can, sai za a yi baƙo ake shigo da ɗaya ɗaki, ta yi 'yan kwanaki ta koma.

Wannan ne abin da mai saye ba ya sani. Bishiyoyin da aka fi gani a hotuna, irin su fayin da junifa, 'yan ƙasashen sanyi ne. Dole su huta a lokacin hunturu, kuma falo ba ya ba su sanyin da ke sa su barci. Junifa ma tana da yaudara: takan yi makonni da koren ganye bayan ta mutu, mai ita yana ta ba gawa ruwa.

Wadda ke iya zaman ɗaki duk shekara ita ce ta ƙasashen zafi, kuma babu kamar fikus. Sunan ne kawai baƙo, domin dangin cediya ce da durumi da ɓaure. Tana jure ƙarancin haske, tana yafe wa mai koyo, in an datse ta ta sake toho. Mai yawan tafiya kuwa ya nemi Portulacaria afra ta kudancin Afirka, wadda ke ajiye ruwa a ganyenta. Karmona, duk da fararen furanninta, raguwa ce. Canjin wuri kaɗai kan sa ta zubar da ganye.

Ko fikus ɗin ma tana da sharuɗɗa. Wurinta bakin taga mafi haske, nesa da iskar na'urar sanyaya ɗaki. A Abuja, ƙurar hunturu na rufe ganye, busasshiyar iska na shanye ƙasar tukunya cikin yini guda. Sai a riƙa goge ganyen, a taɓa ƙasar da yatsa kowace safiya. In samanta ya bushe, a zuba ruwa har ya fito ta ramin gindin tukunyar.